Kowa da Hankicinsa

Jawabin da sashen ɗinki ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Hajiya Shugaba, Malama Sakatariya, Hajiya Ma'aji, iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya, yayyenmu da ƙannenmu, 'ya'yanmu da ke zaune can baya, da iyayen gida maza da suka amsa gayyatarmu, muna yi muku sannu da zuwa. Allah Ya saka da alheri, Ya maimaita mana. Waɗanda aka fara tafiyar nan da su amma ba su kawo yau ba, Allah Ya jiƙansu, Ya kai haske kabarinsu.

An ba kowane sashe ɗan lokaci ya faɗi abin da ke ransa. 'Yan man gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun yi nasu, 'yan sabulu da man shafawa sun yi nasu. Mu 'yan ɗinki a kan hankici za mu yi magana. Mun ga wasu har sun fara murmushi. To, a yi haƙuri da mu. Riga da zane da zanen gado duk muna ɗinkawa, amma babu ɗayansu da ƙungiya za ta kaɗa ƙuri'a a kansa a taron wata mai zuwa. Hankici kuwa za a kaɗa. Ba ma son wata ta ɗaga hannu ranar ba tare da ta san abin da take ɗaga wa hannu ba.

Ga yadda maganar take, saboda waɗanda ba su ji ba. Wani ɗan kasuwa ya zo wa shugabanni da tayi. Shi zai riƙa kawo yadi a yanke, an riga an buga masa rubutu da hoto, na amarya da ango, ko na masu neman kujera idan lokacin zaɓe ya zo. Mu namu kawai mu bi bakin da keke, mu ɗinka ɗan tambarin ƙungiya a kusurwa, a biya mu a kan kowane dozin. Ba jari, ba zuwa kasuwa, ba jiran mai saye. Wasu 'yan uwa sun ce ai wannan arziki ne ya biyo mu har gida, kuma ba mu ga laifinsu ba. A wannan zamani da kwanon masara ya koma abin da ya koma, wa zai raina kuɗin da zai shigo hannu ranar da aka gama aiki? Sai dai mun karɓi samfurin yadin, mun murza, mun jiƙa, mun ƙona bakinsa. Roba ne tsantsa. Don haka shawararmu ita ce, duk mai son aikin ta karɓa ta yi a ɗakinta, ladan guminta ne, halak malak. Amma tambarin ƙungiya kada ya hau kansa. Bari mu faɗi dalili.

Mene ne aikin hankici? Shan ruwa. Gumi, hawaye, majina, yawun jariri, ɗan ruwan da ya rage a fuska bayan wanke ta. In ƙyalle bai sha ruwa ba, ko an zana masa fulawar duniya, ba hankici ba ne. Auduga tana shan ruwa ta riƙe shi. Yadin roba kuwa daga man fetur ake samo shi, kuma dangi ɗaya suke da robar ruwan gora. Ki goga shi a goshi mai gumi, sai ya kwaso gumin ya kai miki kumatu. Wanda aka ba irin wannan a wajen biki zai goga sau ɗaya, ya ji santsi, ya juya kusurwa ya duba. Sunan wa zai gani? Ba na ɗan kasuwar ba. Namu zai gani. Gobe idan 'yarmu ta kai masa na auduga na gaske, zai ce a'a, na san irin naku. Shekara nawa muka ɗauka kafin matan unguwa su fara cewa a sayo na 'yan ƙungiya? Biki uku ko huɗu sun isa su rushe wannan.

Tunda maganar yadi ce, bari mu tsaya a kanta, don 'yan matanmu da ke koyo su ji. Iyayenmu da ke zaune a gaba sun san zamanin da ba a buƙatar gwada yadi. Audugar Funtuwa da Malumfashi da Gusau ce ake kaiwa masaƙa. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri tun 1957, wasu suka biyo bayanta a Kaduna da Kano. In an ce akoko ko alawayyo, kowa ya san auduga ce, ba gardama. Yanzu yawancin masaƙun nan sun rufe, kayan da ke cika kasuwa daga waje suke zuwa, kuma shi kansa mai shagon ba lallai ne ya san abin da aka haɗa a cikin yadinsa ba. Saboda haka ko a Kantin Kwari kika je sari, ko a kasuwar garinmu, ki gwada da kanki.

Gwajin bai da wuya. Ki murza ɗan gefen yadin tsakanin yatsu don sitatin masaƙa ya saki, ki ɗiga masa ruwa. Auduga za ta shanye nan take, tabon ya bazu. A kan roba kuwa ɗigon zai tsaya kamar ƙwallo yana kallonki. Wanda ya fi tabbas shi ne na wuta. Ki roƙi ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa, ki je gida, ki riƙe shi da almakashi a kan faranti, ruwa na kusa, mayafi na nesa, ki kusantar da ashana. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, warinta ma na takarda ne, ta bar toka mai laushi da za ki murje ta zama gari. Roba kuwa tsukewa take yi tana gudun wutar, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta bar wani ƙullutu mai tauri da ba ya murjewa. In kika ga toka da ƙullutu tare, to gauraye ne. Gaurayen da auduga ta rinjaya ana iya yin riga da shi, amma ga hankici mu dai ba ma so.

Yadi ya shigo gida, kada almakashi ya taɓa shi sai ya ga ruwa. Auduga tana tsukewa a wankin farko. In kika yanka kafin wanki, mai saye ne zai gano miki, ranar da hankicinsa ya karkace ya ƙi ninkuwa daidai. A wanke, a shanya, a goge. Sannan a zare sili ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, a bi layin da ya bari da almakashi. Wannan layin shi ne gaskiyar yadi, ba wanda mai shago ya yanka ba.

Yanzu ga lissafi, kuma Hajiya Ma'aji ta saurara da kyau, don a nan roƙonmu na biyu yake. Yadi ɗaya inci 36 ne a tsawo. Mu ɗauki mai faɗin inci 45. Na yara muna yankawa inci 10 ta kowane gefe: huɗu a faɗi, uku a tsawo, dozin guda ke nan cif daga yadi ɗaya, har da 'yar ragowa. Na manya muna yankawa inci 14: uku a faɗi, biyu a tsawo, guda 6, sai inci 8 ya rage wanda bai isa komai ba. To, in mata biyar kowacce ta je ta sayo yadi ɗaya-ɗaya, guda 30 za a samu. Amma in yadi biyar ɗin a haɗe yake ba a yanka ba, tsawonsa inci 180 ne, layi 12 ke nan, sau uku, guda 36. Yadin ɗaya ne, kuɗin ɗaya ne, amma rabin dozin ya ƙaru, kawai don ba a daddatsa shi ba. Ku auna in bandir guda ne, kuma a farashin sari. Abin da muke roƙo shi ne a fitar mana da kuɗin bandir ɗaya na farar auduga daga asusu, a matsayin rance ga sashe, mu yanka a wuri ɗaya, mu rarraba, mu biya cikin wa'adin da taro ya yanke.

Ragowar ƙyallayen ɗinki ma ba a zubarwa. Atamfa ta auduga tana yin hankicin yara mai kyau in an wanke ta har ta yi laushi. Boyil na auduga shi ya fi dacewa da na mata, ba nauyi, saurin bushewa. Shadda tana yi, amma sai ta sha wanki biyu ko uku kafin taurinta ya sauka. Leshi da duk wani abu mai duwatsu ko ƙyalƙyali, a bar shi a jikin riga.

Bakin hankici shi ne mutuncinsa. Mai saye da ya san kaya ba ya duba tsakiya, kusurwa yake dubawa. Muna kalmasa baki kwatan inci, mu goge, mu sake kalmasawa kwatan inci, mu sake gogewa, sannan keke ya hau. Guga kafin ɗinki ita ce rabin aikin. Wadda ta ce ba ta da lokacin hura dutsen guga, za ta ɓata lokacin da ya fi haka wajen farke ɗinki. A sa siririyar allura, mai lamba 11, ko 9 in boyil ne, a ƙanƙanta taku. Allurar da kika gama ɗinka wandon makaranta da ita za ta huda yadin ta tattare shi. A kusurwa kuma, kada a tara ninki a kan ninki har ya zama kamar ƙwayar gyaɗa. A datse ɗan tsinin kusurwar, a karya shi ciki, sannan gefe biyun su haɗu a kansa kamar bakin ambulan. Bin baki da keken wibin kawai ba tare da kalmasa ba yana da sauri, mun sani, amma bayan 'yan wanke-wanke zaren zai fara zarewa, ga kuma kaushi a hanci. Waɗanda suka iya dajiya da hannu, irin wadda ake murɗa bakin da yatsa ana bi da allura, don Allah su koya wa na baya. Irin wannan hankicin ana sa shi a kayan lefe ba kunya, kuma kuɗinsa daban ne.

Maganar ado kuwa, iyayenmu sun fi mu sani. A zamaninsu budurwa kan zauna ta yi wa hankici aiki da zare kala-kala, ta turara shi, ta ba ƙaninta ya kai wa saurayi a zaure. Wasu iyayen gidan da ke zaune a nan, in aka buɗe tsohuwar adakarsu, ba mamaki a tarar da shi a ninke. Ga su can suna sunkuyar da kai, mun bar maganar. Abin da za mu ce kawai, ado ya tsaya a kusurwa ɗaya, don aiki a tsakiya kartar fuska yake yi. Zaren aiki mai sili shida ne, a raba a ɗauki biyu. Kafin a fara, a jiƙa ɗan zaren a matse a farin ƙyalle a gani ko yana zuba, musamman ja da shuɗi. Masu kwarashi su zagaye bakin na mata da siririyar saƙa, yana ɗaukar ido ƙwarai. Sannan abu ɗaya da muka tsaya a kai a sashenmu: ba ma rubuta aya ko sunan Allah a kan abin da za a fyace majina da shi, ko nawa za a biya. Har sunaye irin su Abdullahi da Abdurrahman, harafin farko muke sawa ko wata alama.

Wannan alamar ce ta kawo mu ga abin da ya fi kuɗi muhimmanci, wanda saboda shi muka so iyalanmu su halarci wannan zama.

Abin da aka saba gani a gidaje shi ne, yaro ya zo da kwantsa a ido ko majina a hanci, uwa ta kama gefen zane ko bakin mayafi ta share masa. Ƙaninsa ya zo, a share masa da wurin. Ɗan maƙwabta ya shigo, shi ma haka. Tausayi ne, ba ƙazanta ba. Amma akwai ciwon ido da likitoci ke kira tirakoma, wanda ya daɗe yana makantar da mutane a ƙasar nan tamu ta Arewa, kuma hanyarsa uku ce: yatsu, ƙuda, da ƙyallen da aka share idon wani da shi. Yana kama yaro ya tafi, ya dawo ya tafi, kowane zuwa yana barin tabo a cikin fatar ido. Shekaru su wuce, fatar ta tattare, gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido duk ƙiftawa. Kun san tsofaffin da ke yawo da ɗan matsefi a wuya suna tsige gashin ido, shi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matan da wannan ciwo ke makantarwa suna iya kaiwa ninki huɗu na maza. Me ya sa? Don mu ke goyo, mu ke sharewa, a jikinmu yaran ke kwana. Cikin matakai huɗu da hukumar ta tsara don kawar da shi, bayan tiyata da magani, sauran biyun tsaftar fuska ce da tsaftar muhalli. Waɗannan biyun ba a asibiti suke ba, a tsakar gidanmu suke.

Afolo ma haka take yaɗuwa. Yaranmu ba su san inda sunan ya fito ba: a 1969 aka yi annobar jan ido a Gana, daidai lokacin da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, sai mutane suka laƙaba wa ciwon sunan kumbon. In ta shiga gida, tawul ɗaya ko hankici ɗaya ya isa ya zagaya da ita ɗaki-ɗaki cikin mako guda.

Don haka muke cewa kowa da nasa. Kowane yaro a gida a ba shi alamarsa: wannan tauraro, wannan ganye, wannan jan baki, wannan kore. Yaron da bai iya karatu ba ma ya san kalarsa, har faɗa zai yi in an taɓa masa. Kuma ɗaya ba ya isa. Aƙalla uku ga kowane yaro, ɗaya a aljihu, ɗaya a igiya, ɗaya a ninke. Ga ƙananan 'yan makaranta a maƙala musu a gaban riga da fil mai kulle, kamar yadda ake yi da. Hankici yana cikin abubuwan da ba a aro kuma ba a ba da aro, kamar asuwaki. In baƙo ya buƙata, a ba shi wankakke ya tafi da shi, kyauta ce mai sauƙi.

Amfaninsa kuma yana tare da wankinsa. Hankicin da ya kwana uku a aljihu da danshi gidan ƙwayoyin cuta ne. A canza kullum, mai mura kuwa da zarar ya jiƙe. Idan aka fyace, a ninke wurin ciki, a wanke hannu da sabulu. Wajen wanki, kada a haɗa shi da kayan jarirai ko tsumman kicin. A ware masa 'yar roba tasa. A jiƙa shi tukuna a ruwan sanyi da ɗan gishiri, majinar za ta saki ba tare da an sha wahalar cuɗawa ba, a zubar da ruwan a makwarara, sannan a wanke da sabulu da ruwan zafi. In akwai mai mura ko ciwon ido a gidan, fararen na auduga a tafasa su kamar minti 10 a tsohuwar tukunyar da ba a girki da ita. Ga wani dalilin da ya sa muka nace wa auduga: tana jure tafasa, tana jure dutsen guga mai zafi. Na roba kuwa, dutsen ya ɗan wuce kima, sai ki ɗago shi da rabin hankicin a manne. A shanya a igiya cikin rana, ba a kan katanga ko ƙasa inda ƙuda da kaji ke bi ba, a goge da zafi kafin a ninke.

Tabo kowanne da maganinsa. Jini, irin na haɓo da yara ke yi lokacin hunturu, ruwan sanyi yake so. Ruwan zafi dafa shi yake yi ya zauna daram. Manja ko man miya, a barbaɗa masa garin sitati ko hoda ya tsotse, a kakkaɓe, a shafa sabulun wanke-wanke kafin ruwa ya taɓa. Tsatsa, lemon tsami da gishiri, a sa a rana. Jan goro kuwa, iyayen gida, gaskiya ku taimaka mana ku miƙo shi da wuri, don in ya kwana biyu sai dai a rage shi. Farin da ya fara ja, ɗan bula a ruwan ɗauraya na ƙarshe yana dawo masa da haske. Sitati kuma ba na hankici ba ne. Yana sa shi kyau a ido, amma yana hana shi shan ruwa. Masu amfani da ruwan bilicin irin su Hypo ko Jik, a tsarma shi sosai, ga farare kawai, a ɗauraye da kyau. Kuma don girman Allah kada a haɗa shi da lemon tsami ko khal ko ruwan wanke masai wai don ya ƙara ƙarfi. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ƙirji, musamman a banɗaki rufaffe.

Wajen ajiya, mun san ana son ƙamshi. Turaren wuta a kasko, ko 'yan ƙwayoyin kanumfari a ɗaure a ƙyalle a jefa cikin akwati, sun wadatar, in dai kayan sun bushe sarai don gudun fumfuna. Amma farin kafur ɗin nan mai kamar alewa da ake jefawa cikin kaya, kada ya kusanci hankici ko wani abu na jariri. Akwai jarirai da yawa a ƙasar nan, musamman maza, da ake haifa da wani rauni a jini wanda ba a gani da ido. Sinadarin da ke cikin kafur yana farfasa musu jini, ya jawo shawara mai tsanani da kan iya taɓa ƙwaƙwalwa. Masu haɗa kayan haihuwa da kakanni masu ajiye kayan jika tun ciki na wata bakwai, wannan saƙonku ne.

'Yan matanmu za su ce, Mama, ai yanzu zamanin tishu ne. Ba mu da faɗa da tishu. Shi ma ba jiya ya zo ba: a 1924 aka fara sayar da Kleenex a Amurka, kuma da farko don goge man kwalliya aka yi shi, sai daga baya kamfanin ya lura mutane fyace hanci suke yi da shi, ya juya tallarsa. Akwai inda ya fi hankici, kuma za mu faɗa ko da zai rage mana ciniki. Mai tarin fuka, ko mai tarin da ya wuce mako biyu, ko wanda ke kaki da jini, tishu ya kamata ya yi amfani da shi, a ƙone ko a jefa a masai, kuma ya je asibiti a duba shi. Kada a ba yarinya wankin hankicinsa. Haka kuma hankicin da aka ɗaura a hanci yana rage ƙurar hunturu, shi ya sa masu Adaidaita Sahu da 'yan kasuwar hatsi ke sayensa, amma ba ya maye gurbin takunkumi. Waɗanda suka ɗinka takunkumi a 2020 lokacin korona sun tuna ninki uku aka ce a yi. Amma gumin yau da kullum, da fuskar yaro, da zafin watan Afrilu? Gidan da ke da mutum goma, wane maigida ne zai iya sayen tishun da zai ishe su? Ga shi kuma in an yar, a kwata yake ƙarewa tare da leda.

Idan hankici ya tsufa, bai gama aiki ba. Masu kyan a tafasa, a haɗa tara ko sha biyu a ɗinke, a sa shafi, ya zama ɗan mayafin rufe jariri lokacin zafi, don babu yadin da ya kai tsohuwar auduga laushi. Guda ɗaya a karya shi biyu ta kusurwa, a sa igiya, ya zama abin tare yawu ga mai haƙori. Wanda ya huje ya koma goge keken ɗinki. Sai dai wanda ya taɓa hanci ba ya komawa tatar koko ko rufe kwanon tuwo, komai wankinsa. Na kicin a yanka sabo, a yi masa baƙin baki don a bambanta.

Saura maganar farashi, kuma a nan za mu ɗan taɓa junanmu. Da yawa in za su sa kuɗi, yadi kawai suke lissafawa. Zare fa? Gawayin guga fa? Sabulun wankin farko, man keke, ledar ƙunshi, kuɗin motar wadda ta je sari? Sai kuma babban, wato zaman da kika yi, bayanki na ciwo, tuwon dare na jiranki. In ba ki sa wa wannan kuɗi ba, sadaka kika yi ba sana'a ba, kuma kin karya wa 'yar uwarki kasuwa, don gobe za a ce mata ai wance ta fi ki sauƙi. Muna so a tsayar da farashi ɗaya na dozin ga duk mai ɗauke da tambarin ƙungiya, na yara daban, na manya daban, mai aikin hannu daban. Kuma kafin tambari ya hau, mutum biyu daga sashe su duba yadin da kusurwa. Wadda aka mayar wa da nata kada ta ji haushi, a zauna tare a gyara. Bashin 'yan uwa da na "kawo in Allah Ya hore" kuwa, duk wadda ta bayar daga aljihunta ta bayar, ba daga kayan bandir ba.

Inda za a kai kayan ba ya wuya. Makarantun Islamiyya da na boko da ke unguwanninmu, masu shagunan bakin masallacin Juma'a, maniyyata masu shirin tafiya, da masu haɗa lefe. Masu biki ma, in suna son abin rabo da za a riƙa tunawa da su, mu nuna musu na auduga mai harafin amarya a kusurwa, su gwada da ɗigon ruwa a gabanmu su zaɓa.

Abu uku ke nan za a kawo gaban taro wata mai zuwa: hana sa tambari a kan yadin roba, rancen bandir ɗaya, da farashi ɗaya tare da masu dubawa. Mun ajiye samfurin yadin ɗan kasuwar da namu a teburin bakin ƙofa, da kofin ruwa a gefe, kowa ya ɗiga ya gani kafin ya fita, har da iyayen gida. Ranar Alhamis bayan la'asar kuma akwai zaman koyon kusurwa da dajiya a ɗakin ɗinki. Mai zuwa ta taho da almakashinta, da tef ɗin awo, da duk ƙyallen auduga da ke kwance a ƙarƙashin gadonta. 'Yan mata daga shekara 12 muna maraba da su, in iyayensu sun yarda.

Hajiya Shugaba, mun ci lokaci, a yafe mana. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.